Ruwa Iya Gwiwa

Rana ta faɗi, Elnathan da matarsa Tabitha suna tuƙa kwalekwalen haya a wani tafki bayan garin Greensboro, sai suka ji an ce, "Sannunku, 'ya'yana."

Wani tsoho ne tsaye, ruwa iya gwiwarsa.

"Baba, Hausa a nan?" in ji Elnathan, baki har kunne.

"Ku rage mini hanya zuwa gaɓa."

Elnathan ya gyara masa wuri. Tabitha kam hankalinta bai kwanta ba. Sauro ya addabe su, amma ko ɗaya bai sauka kan tsohon ba. Ta zura filafilin tuƙi dab da inda yake tsaye. Ya nutse duka, har hannunta ya jiƙe, bai taɓa ƙasa ba.

Tsohon ya riga ya dafa kwalekwalen.