Ranar da Muryar Tuva Ta Tsage

A ɗakin girkin gidansu da ke birnin Malmö, Tuva ta yi tari cikin hankici, ta yi maza ta dunƙule shi. Amma Eskil, saurayinta mai kaɗa mata fiyano, ya riga ya ga jinin.

Tuva mawaƙiya ce. Abin da ya fito da ita wata siririyar murya ce da take kaiwa can ƙololuwa a ƙarshen waƙa, kamar fito, har jama'a su miƙe tsaye. Likita ya ce maƙogwaronta ya kumbura, ta huta wata uku. Mahaifiyarta Gunilla, wadda ke riƙe da harkokinta, ta ce akwai allurar da ke kwantar da kumburi, a yi mata ranar Asabar ta hau dandamali.

Gunilla ta tura musu kofi da burodin kirfa, ta dubi Eskil. "Kai kuma jiya na ji ka. Ka sauke mata kiɗan ƙasa, ka zaci kurma ce ni?"

"Jini fa take tofarwa, Gunilla."

"Ni ma na tofar a zamanina, sarkin tausayi. Ba gunaguni mutane ke zuwa ji ba."

Eskil ya ajiye burodin. Wai uwa ce wannan, tana tallan maƙogwaron 'yarta kamar kazar kasuwa. Gunilla ta ce Tuva ta zaɓa, ko ita ko shi. Tuva ta sunkuyar da kai tana hawaye, Eskil ya ɗauki rigar sanyinsa ya fita.

Ranar Asabar aka yi mata allurar ta hau dandamali, Eskil yana cikin 'yan kallo. Muryar ta hau, ta hau, sai ta tsage, iska kawai ke fita. Wasu har da ɗaga waya suna ɗauka suna dariya.

Aka yi mata aiki a maƙogwaro, likita ya hana ta magana. Sau ɗaya Gunilla ta leƙo asibiti, tana ba da labarin ƙanwar Tuva, wai ita ma muryarta na hawa. Eskil ne ya zauna. Wata uku Tuva na rubuta masa magana a takarda, bai taɓa goranta mata ba.

Ranar da likita ya yarda ta yi magana, muryar ta fito a dushe. "Ba za ta ƙara hawa ba, Eskil."

"Na sani. Sai mu rubuta waƙoƙin da za ta iya ɗauka."

Da bazara suka yi aure, kujerar Gunilla ba kowa.

Mai son ka don baiwarka, ranar da ta ƙare zai nemi wani. Mai son ka don kanka shi ke jure shirunka.