Haƙori Cikin Madara

Da jini a baki Otso ya fara ganin Siiri. Ranar farko ce ta atisayen ƙungiyar hokin ƙanƙara ta matasan Finland, sandar wani ta fizge masa haƙorin gaba. Yana zaune yana tofar da jini, sai ga ɗalibar da ke taimaka wa likitan ƙungiya ta miƙo masa kofin madara.

"Ba sha za ka yi ba," ta ce. "Jefa haƙorin ciki, kada ya mutu kafin a mayar."

"Ke fa, a ina zan ajiye ki kada ki ɓace min?"

"Rufe bakin nan, Mai Giɓi, kana ɓata min takalmi."

An mayar da haƙori, amma sunan ya zauna daram. Kafin gasar duniya ta zo garin Tampere, soyayya ta yi nisa. Sai dai akwai ƙura. Yayan Siiri, Ilmari, shi ne golan ƙungiyar, kuma bara a wasan kulob Otso ya banke shi cikin raga har ƙashin kafaɗarsa ya karye. A hoki kuwa komai ana yafewa, ban da taɓa gola.

Mahaifinsu Reijo shi ke tuƙa motar gyaran ƙanƙara a filin wasan garin. Ranar da Otso ya je gaishe shi, ko injin bai kashe ba.

"Shekara ashirin ina kankare jini a filin nan," ya ce. "Sau ɗaya na kankare na ɗana, kuma kai ne sanadi. Fita harkar 'yata."

Da safiyar wasan kusa da na ƙarshe saƙon Siiri ya shigo: "Mai Giɓina, Baba ya ce in zaɓa, ko kai ko gida. Ba na iya rabuwa da ko ɗaya. Ka kula min da bakinka yau."

Ya amsa: "Madarata, zan jira ko shekara nawa ne."

Ya rubuta haka ne kawai, amma tsoron rasa ta ya cika masa ciki.

Wasan nan dambe ne aka sa wa takalma. Ana maka mutum da katanga har gilashi ya yi ƙara, ana sakin gwiwar hannu a haƙarƙari. Saura minti biyu, Finland na gaba da ci ɗaya, wani ƙato ya afka wa Ilmari, hular kwanonsa ta yi tsalle. Alƙali ya kai usur baki, amma an riga an sako faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo kamar harsashi, ya nufi fuskar gola tsirara.

Otso bai yi tunani ba. Ya zube a gabansa, faifan ya same shi a baki.

Ya ji ƙarar muƙamuƙinsa kafin ya ji zafin. Ƙanƙara ta yi ja. Sama-sama yake jin 'yan wasa na kirɓar juna a kansa, Ilmari na ihun a kawo likita, Siiri kuma na rarrafe tana tsintar haƙora. Uku suka zube, biyu ta samu.

A gadon asibiti ya kalli wasan ƙarshe, baki ɗaure da waya, aka cinye Finland. Washegari Reijo ya shigo da miyar kifi da aka tace, ya ajiye, ya ce, "Wawa kawai." Ya zauna bai tafi ba sai yamma.

Bayan shekara uku, da bazara, aka ɗaura auren a wata ƙaramar coci a bakin tafki. Wajen walima Reijo ya miƙe, ya ciro 'yar kwalba daga aljihu.

"Haƙori na ukun ne. Motata ta kwashe shi. Awa huɗu na yi ina tone tarin ƙanƙara a bayan fili da hannu. Na sa shi a madara, amma na makara." Ya ɗaga kwalbar sama. "Ba zan mayar maka ba, ɗana. Ka ɗauki 'yar, ni na riƙe wannan. Allah ya zaunar da ku lafiya."

Jama'a suka amsa da amin. Otso ya yi dariya, giɓin ya fito fili, Siiri ta sa hannu ta rufe masa baki tana hawaye.