Benen da Ba a Shan Giya

Ranar da sababbin ɗalibai ke shigar da kaya, wani ɗalibi, Emmett, ya ci karo da wani dattijo a matakala, rungume da kwalin giya, 'yarsa na biye da ƙaramin firji tana haki.

"Yallaɓai, a yi haƙuri, wannan benen ba a shigowa da giya, ko taba."

Dattijon Duane Kowalke ne, mai mashaya a garinmu. Ya juya ya zare wa 'yarsa ido.

"Marnie, duk ɗakunan jami'ar nan, nan kika zaɓa?"

"Nan na zaɓa, Baba."

"Giyar da kike ƙyama ita ta ciyar da ke, marar kunya!"

Mu a Wisconsin, wanda ya ƙi kwalbarka kai ya ƙi. Duane ya sauka yana ta bambami. Emmett ya karɓi firjin daga hannun Marnie, idonsu ya haɗu, shi ke nan fa. Da yamma saƙonta ya shigo:

"Sarkin Doka, ka kori ubana. Ka biya ni da kofi."

"Har da kek, ranki ya daɗe."

Kafin a yi hutu ya fara kiranta Zumata, ya kuma faɗa mata gaskiyarsa. Tun yana sakandare giya ta kusa kai shi kabari, da ƙyar ya daina. Kurɓi ɗaya ya isa ya mayar da shi gidan jiya, shi ya sa ya nemi benen nan.

Sai ga Brock, ɗan abokin Duane, wanda dattijon ke yi wa kallon suruki. Munafukin Allah, ya turo wa Marnie hoton Emmett a wajen fati da kofi kamar na giya a hannu. Marnie ta hau sama.

"Maƙaryaci! Kada ka ƙara kirana."

"Zumata, ruwa ne. Ɗan ajinmu ya bugu, na je ɗauko shi. Tambaye shi."

Ta tambaya, ta zo da kanta ta ba shi haƙuri, ta toshe lambar Brock.

Da suka gama karatu, Emmett ya je neman aure. Duane ya zaunar da shi a mashaya da tsakar rana, gaban abokansa, ya cika ƙananan kofuna biyu.

"Ubana bai ba da 'ya ga wanda bai sha da shi ba, ni ma haka. Ɗauka."

Haba, wannan wane irin rashin imani ne! Duane ya san tarihin Emmett da giya sarai. Gumi ya karyo wa Emmett, ƙamshin na dukan hancinsa, hannunsa har ya motsa. Sai ya ture kofin.

"Yallaɓai, in na sha wannan, ba miji za ka ba ta ba, jinya za ka ba ta."

Abokan suka fashe da dariya. Marnie ta buga tebur har kofunan suka kife.

"Baba, ka taɓa tambayata me ya kai ni benen nan? Ni na riƙa jan ka daga ƙofar gida zuwa gado ina 'yar firamare. Ni na riƙa goge amanka don kada Mama ta gani. Na gaji! Na samu wanda zai shigo gida da ƙafarsa, shi kake so ka mayar kamarka?"

Dariya ta ɗauke. Duane ya ce su fice masa, bai ƙara yi musu magana ba har aka sa rana. Marnie ta yi kuka, amma ta ce aure ba fashi.

Safiyar biki tana gyara farar rigarta a ƙofar coci, ta riga ta cire rai da zuwan ubanta, sai ga shi. Ya yi aski, fuskarsa ta yi fayau.

"Tun shekaranjiya ban sa a baki ba," ya ce. "Gobe ban sani ba. Amma yau da ƙafata zan kai ki."

Ta riƙe hannunsa gam, suka taka a hankali har gaban fasto. Duane ya damƙa ta ga Emmett, ya harare shi.

"Kai yaro, kana da taurin kai. Kada ka bar shi. Allah ya yi muku albarka."

Coci ya amsa da amin, muryar Marnie ta fi ta kowa.