Hannun Baba Tanimu

Ku matso. Ke Ladiyo, bar wasa da fitilar nan, in ta mutu ba ruwana.

Kun san Baba Tanimu mai yasar rijiya, wanda kullum hannunsa na dama ke naɗe da tsumma? To, ba ciwo ba ne.

Shekarar da aka haƙa wa 'yan kasuwa masai a bayan tsohuwar rijiya, amai da gudawa suka shigo gari. 'Yarsa ɗaya tal, Hansai, ta kwanta, idanu duk sun faɗa. Ya ce lallai rijiyar ce ke son yasa.

Masu yasa suna da doka. Ba a shiga sai da mai riƙe igiya a sama. In ka yi sallama a bakin rijiya, ka saurara. In an amsa, ka koma gida. Shi kuwa hankalinsa na kan yarinya. Da rana tsaka, shi kaɗai, ya ɗaure igiya a gungume, ya yi sallama yana zura ƙafa.

Sai da ya kai rabi ya tuna an amsa.

Wallahi har yanzu tsigar jikina tashi take. Can ƙasa ga tsohuwa zaune. Ƙafafunta na cikin ruwa, amma ruwan ko motsi. Bakinta a rufe, maganar kuwa daga bango take fitowa.

Ta miƙo masa ƙwarya. "Sha."

Ya sunsuna, ya kau da kai don wari. "Iya, ki yi mini rai."

"Abin da kuke ba ni ke nan. Shi nake ba 'ya'yanku."

Ta cafki hannunsa, ta danna a bangon da ke ɓangaren masai. Baƙin ruwa na tsattsafowa, da ɗumi.

"Hansai fa?" in ji shi.

"Ta kusa. Yi sauri."

Sai igiya ta fizge shi sama. Ya fito, ba kowa a bakin rijiya.

Kai tsaye ya ɗauki shebur. 'Yan kasuwa na zagi, yana cike masai. Aka haƙa wani can gangare, aka koma tafasa ruwan sha. Hansai ta tashi. Ita ce mai ƙosan nan ta bakin masallaci.

Amma tafin hannun nan bai sake bushewa ba. Gobe ku duba tsumman, ɗiga yake.

Kada in ga ɗayanku shi kaɗai a hanyar rijiyar nan. In kuma kun yi sallama, ku saurara.