Wa Ya Jiƙa Littafin Malama?

A shekarar da ruwa ya yi yawa a Haɗeja, akwai wata yarinya mai suna Najwa a aji shida na wata firamare. Ita ce monitar ajinsu. Kayanta kullum a goge, karatunta kuma babu gargada.

Ana tsakiyar damina aka kawo musu sabuwar ɗaliba, sunanta Adila. Ambaliya ce ta cinye ƙauyensu a can wajen Kirikasamma. Mahaifinta, Mala, masunci ne. Ya kwaso iyalinsa suka kafa rumfar tamfal a kan wani tudu a bayan gari.

Adila ba ta da yawan magana. Hijabinta yakan yi ƙamshin hayaƙin bandar kifi. Idan ta zauna, sai yara su matsa gefe suna toshe hanci. Najwa ba ta toshe hanci, amma kuma ba ta taɓa hana su ba.

Malamarsu ta Hausa, Malama Ummussalma, tana da wani tsohon littafi da ta gada daga mahaifinta. Duk ranar Alhamis takan karanta musu babi ɗaya. Labarin wani babban birni ne mai ganuwa da makarantu da alƙalai. Mutanen birnin suna kiran duk wanda ke zaune a wajen ganuwa ɗan daji.

Wata Alhamis Malama ta tsaya a daidai inda yunwa ta shigo birnin. Ta rufe littafin.

"Malama, a ƙara mana ko shafi ɗaya," in ji yara.

"Sai wani mako," in ji ta tana murmushi. Ta miƙa wa Najwa littafin. "Sa shi a kabad, ki kulle."

Najwa ta sa shi, amma ba ta iya haƙuri ba. Ranar Juma'a da aka tashi, ta buɗe kabad ɗin ta zura littafin a jakarta. Ta ce a ranta, ai Litinin da sassafe za ta mayar.

A gida ta karance shi tas a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ashe da yunwa ta yi tsanani, mutanen birnin suka fara neman wanda za su ɗora wa laifi. Suka samu wata baƙuwar tsohuwa mai sayar da itace. Suka ce ita ce ta kawo musu masifa. Masu manyan riguna da masu ilimi suka taru suka jefe ta, har suka kore ta daga gari.

Najwa ta ajiye littafin, idonta ya cika da hawaye.

"Waɗannan ba mutane ba ne," in ji ta. "Ni kam da ina wurin, da na tsaya a gabanta."

Ranar Litinin aka wayi gari da ruwan sama. Layin makarantar ya cika da ruwa har gwiwa. Najwa tana taka bulullukan da aka jera don tsallakawa, sai santsi ya kwashe ta. Jakar ta faɗa ruwa.

Ta ɗauko ta, ta buɗe da sauri. Littafin ya jiƙe sharkaf. Bangonsa ya ɓalle, shafukan sun manne da juna.

Ta riga kowa shiga aji. Ta tura shi cikin kabad, ta kulle, ta zauna kamar babu abin da ya faru.

Bayan an dawo daga hutun ƙarfe tara, aka kira malamai taro a ofishin hedimasta. Wani yaro mai suna Abdulmuhaimin ya ce wa Najwa ta ba shi alli. Da ta buɗe kabad ɗin, sai ya hango littafin. Ya ɗago shi yana ɗigar ruwa.

Yara suka taso suka kewaye shi.

"Wa ya yi wannan?" in ji Abdulmuhaimin. "Najwa, ai ke ce mai mukulli."

Duk idanu suka juyo kanta.

"Ranar Juma'a na bar kabad ɗin a buɗe lokacin shara," in ji ta. "Adila ce ta yi shara a wajen."

Sannan ta ƙara da cewa, "Ku duba, a jiƙe yake. Wa ke zaune a bakin ruwa a cikinmu?"

Adila ta miƙe tsaye. "Wallahi ban taɓa shi ba."

Babu wanda ya saurare ta.

"'Yan ƙauye ba su san darajar littafi ba," in ji wata.

"Ta ɗauka kifi ne, ta kai shi kogi," in ji wani. Aka kwashe da dariya.

Wani ya fara buga tebur, sauran suka kama. Suna bugawa suna cewa, "Mai ƙarni, fita. Mai ƙarni, fita." Adila ta rungume jakarta ta fita da gudu. Ajin gaba ɗaya ya bi ta.

A filin makaranta suka fara jifanta da taɓo. Najwa tana cikinsu. Da farko tsoro ne ya sa ta bi su. Amma da ihun ya yi ƙarfi, sai ta ji wani irin daɗi, kamar ba ita ba. Ba ta san lokacin da ta sunkuya ba. Ta dai ji abu mai tauri a hannunta, ta wurga.

Guntun bulo ne. Ya sami Adila a saman gira.

Adila ta durƙusa ta dafe goshi. Jini ya biyo tsakanin yatsunta, ya sauka a kan farin hijabinta. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗago kai kawai ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

Ihun ya mutu. Malama Ummussalma ta fito a guje, ta ɗauki Adila zuwa ɗakin shan magani. Kafin ta wuce, ta waiwayo ta ce, "Kowa ya koma aji."

Da Najwa ta koma gida, ta kasa cin abinci. Ummanta tana tsince shinkafa a tsakar gida, ta lura da ita.

"Zo nan. Me ya same ki?"

"Babu komai, Umma."

"Wanda babu abin da ya same shi ba ya wanke hannu sau huɗu. Zauna."

Najwa ta zauna, sai kuka ya ƙwace mata. Ta faɗi komai, tun daga ɗaukar littafin har zuwa guntun bulon. Ta ba ta labarin tsohuwar da ke cikin littafin ma.

"Umma, shekaranjiya na yi kuka saboda ita. Na ce da ina wurin da na kare ta. Yau kuma ni ce na yi jifan. Ashe ni muguwa ce?"

Umma ta ajiye faifan. Ta jawo ta jikinta.

"Abin da kika yi mugun abu ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki saurara. Kowane mutum yana da tausayi a zuciyarsa, kuma yana da wani abu mai kama da na dabba. Ni ma ina da shi. Babanki ma haka. Tsoro yana tashe shi, taron jama'a kuma yana ba shi ƙarfi."

"To yaya ake kashe shi?"

"Ba a kashe shi. Riƙe shi ake yi, kullum. Yau ya kufce miki. Yanzu me za ki yi?"

Najwa ta share hawaye. "Zan faɗa wa Malama."

"Da wa kuma?"

Ta sunkuyar da kai. "Da Adila."

Washegari Najwa ta tsaya a gaban aji. Kujerar Adila babu kowa.

"Ni na ɗauki littafin ba da izini ba," in ji ta. "A hannuna ya faɗa ruwa. Na yi wa Adila ƙarya. Kuma ni na jefe ta da bulo."

Malama ta daɗe tana kallonta. Sannan ta miƙa hannu. Najwa ta ba ta mukullin kabad.

"Daga yau ba ke ce monita ba," in ji Malama a hankali. "Amma na ji daɗi da kika faɗi gaskiya da bakinki."

Ta juya ga sauran. "Najwa ta yi ƙarya. Ku kuma wa ya tambayi hujja? Wa ya ce a tsaya a ji ta bakin Adila?"

Sai ta nuna ɗaya daga cikinsu.

"Abdulmuhaimin, kai fa me ya sa ka yi jifa?"

"Malama, na ga kowa yana yi ne."

"Abin da ya sa mutanen dā suka rubuta tsofaffin littattafai irin wannan ke nan," in ji Malama. "Sun lura cewa mutum yana iya sa kaya masu kyau, ya iya karatu, amma rana ɗaya ya aikata abin da ko dabba ba za ta yi ba. Ba don mu zagi mutanen cikin labarin suka rubuta ba. Don mu duba kanmu ne."

Da la'asar Malama da Umma suka raka Najwa tudun da su Adila suke. Rumfunan tamfal ne a jere, ruwa ya kewaye su ta gefe uku. Kwale-kwale biyu suna ɗaure a bakin ruwa. Mala yana zaune a tabarma yana ɗinke komarsa ta kamun kifi.

Suka yi sallama. Ya amsa, ya sa aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo ruwan sha.

"Yaya muka ji da ruwa, Malam Mala?" in ji Malama.

"Ruwa ya yi gyara, Malama. Mun gode Allah."

Adila ta fito da filasta a goshi. Najwa ta durƙusa a gabansu.

"Baba, ni ce na ji wa Adila ciwo. Ni na yi mata sharri. Ku yafe mini."

Mala ya ajiye komar. "Jiya da na ga jini a fuskar 'yata, raina ya ɓaci ƙwarai. Har na sa takalmi zan tafi makarantar. Sai na ce bari in yi alwala tukuna, kada in je in yi abin da zan yi nadama." Ya dubi Najwa. "Ni na yafe nawa, 'yata. Amma goshin ba nawa ba ne. Tambayi mai shi."

Najwa ta juya. "Adila, ki yafe mini."

Adila ta taɓa filastar da ke goshinta. "Ciwon bai dame ni ba sosai," in ji ta. "Abin da ya dame ni shi ne, na rantse amma babu wanda ya yarda."

"Na faɗa wa kowa gaskiya yau. A gaban aji."

"Da gaske?"

"Da gaske ne," in ji Malama.

Adila ta miƙa mata hannu. "To tashi, ƙasan da danshi."

Mala ya tambaya ko littafin yana kusa. Malama ta fito da shi daga jaka. Ya juya shi a hannunsa a hankali.

"Wannan ai bai mutu ba," in ji shi. "Sau uku ruwa yana jiƙa mini littattafan da mahaifina ya bari, kuma har yau ina karanta su. Ku bar mini shi kwana uku."

Ya nuna wa yaran yadda ake raba shafuka da siririn tsinke. Ya ce a inuwa ake shanya su, domin rana tana sa takarda ta kanannaɗe. Kwana uku Najwa tana zuwa bayan makaranta. Ita da Adila suna raba shafuka, suna ɗora musu ƙananan duwatsu kada iska ta kwashe. Da suka bushe, Mala ya ɗinke su da zaren koma. Mahaifiyar Adila ta yi masa sabon bango da kwali da ƙyallen atamfa.

Ranar da Adila ta koma makaranta, yara suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba ta haƙuri. Najwa ta ɗauko jakarta ta dawo benci ɗaya da ita. Malama ta ɗaga littafin kowa ya ga ɗinkin, ta faɗi sunan wanda ya gyara shi.

Sannan ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe, ta ce kowa ya kwafa:

"Wayewa ba zama a birni ba ne, ba kuma kaya masu kyau ba. Wayayye shi ne wanda ke riƙe hannunsa da bakinsa lokacin fushi, ko da kowa ya saki nasa."

Najwa ta kwafa. Da ta duba gefe, sai ta ga biron Adila ya ƙi yi. Ta ba ta nata, ta jira har ta gama.