Riga Mai Lamba Uku

Ranar da Lisandro ya fara ganin Amparo, jini ke zuba daga kunnensa na hagu. An fito da shi daga fili ana tsakiyar atisaye, aka zaunar da shi a ɗakin magani na kulob ɗin Cerro Azul. Sai ga ta da allura da zare.

"Wannan kunne ne, ko wani abu ne kare ya tauna ya tofar?" ta tambaya.

"Shekara tara ina gyara shi, malama. Kada ki ɓata mini ado."

"Zauna daidai, Kunne."

Sunan ya bi shi tun daga ranar. Shi ma ya rama, ya sa mata Allura.

Lisandro ɗan zari-ruga ne mai lamba uku, cikin ƙattin nan da ke sa kai a gaba idan an haɗa turereniya. Kwantiragin shekara guda, mai ƙarewa a watan Yuni, ya kawo shi Tukuman daga garinsu Salta. Bayan ɗinkin nan, kullum sai ya ƙirƙiro ciwo. Yau kafaɗa, gobe yatsa.

"Kunne, lafiyarka ƙalau. Fita."

"Nan ne ke ciwo," ya nuna ƙirjinsa.

Ta jefe shi da bandeji, amma tana dariya.

Matsalar ita ce mahaifinta, Don Eusebio. Shekara talatin yana gasa naman zagaye na uku, walimar da masu gida ke yi wa baƙi bayan wasa, ko an ci su ko sun ci. Shi ma a zamaninsa lamba uku ya sa a wannan fili, lokacin da ba a biyan kowa ko peso ɗaya. Gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa har yau.

Ranar Lahadin da Lisandro ya je gaishe shi, ana zaune a tsakar gida, ƙoƙon shayin mate yana zagayawa. Tsohon ya miƙa wa matarsa, ya miƙa wa Amparo, ya miƙa wa Fermín, ɗan mai gonar lemon tsami da ya daɗe yana neman ta. Da aka zo kan Lisandro, sai ya tsallake shi.

"Baba!" in ji Amparo.

"Wanda ake biya ya sa riga, ranar da kuɗi suka ƙare zai cire ta," in ji tsohon, bai ko kalle shi ba. "'Yata ba riga ba ce."

Fermín ya zuƙi shayinsa a hankali. "Lemo dai ba ya ƙarewa a watan Yuni, Don Eusebio."

A watan Mayu maganar tsohon ta fara kama da gaskiya. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin kulob ya ce zai janye. Aka tara 'yan wasa, shugaba ya yi magana ta minti arba'in, abin da aka gane kawai shi ne, "Ba mu sani ba tukuna." Kwantiragin kowa zai ƙare ƙarshen Yuni. Babu wanda ke iya zama wuri ɗaya. Ana atisaye, ido yana kan jakar da waya take ciki. Wani ya fara tambayar kuɗin haya a Faransa, wani ya koma koyon tuƙin babbar mota.

Lisandro ya daina cin abinci sosai. Yakan fita gudu, ya dawo, ya sake fita.

Sai dillalinsa ya kira. Wani kulob a Italiya yana son sa, shekara biyu. Likitansu zai duba shi ranar Litinin. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya taka fili ranar Asabar, wasan ƙarshe na kaka.

"Ka ce wuyanka ne," in ji dillalin. "Kowa haka yake yi."

Kowa kuwa haka ya yi. 'Yan gaba biyu sun riga sun kwanta ciwon ƙarya. Dokar gasar ta ce idan 'yan gaba ba su kai biyar ba, babu wasa. Biyar cif suka rage, da Lisandro a ciki.

Bai faɗa wa Amparo ba. Fermín ne ya kai mata labarin, haɗe da kwandon lemo. Da yammacin Alhamis saƙonta ya shigo:

"Kunne, ashe Italiya za ka? Ba tafiyar ce ta ƙona mini rai ba. A bakin Fermín na ji."

Ya amsa: "Allurata, so nake in zo wa Baba da takarda a hannu. Shekara biyu, gida, albashi. Da me zan nemi aurenki in ba haka ba?"

"Baba bai taɓa karanta takardar kowa ba. Ni kuma ba zan ce ka buga ba, ba zan ce kada ka buga ba. Wuyanka ne. Amma kada ka zo ɗakina ka ce yana ciwo, don ni na san ba ya yi."

Ya karanta saƙon ya fi sau goma. Ya haɗa jakar tafiya ranar Juma'a, ya kwance ta, ya sake haɗawa.

Da hantsin Asabar ya bi ta bayan fili. Don Eusebio na can shi kaɗai yana jera itace, yana jan ƙafar nan tasa, yana shirya wutar mutum tamanin, alhali bai san ko za a yi wasan ba. Lisandro ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya wuce ɗakin magani, ya zauna a kujerar da ya fara zama.

"Ɗaure mini kunnuwa," ya ce, kamar yadda 'yan gaba ke yi kafin su shiga wasa.

Amparo ta ɗauko bandeji. "Ka tabbata?"

"A'a. Ɗaure dai."

An ci su, ashirin da huɗu da sha tara. Amma an yi wasan, an cika fili, kuma sau uku Lisandro yana tura abokin karawarsa baya har ƙasa ta tone. Da ya koma ɗakin sauya kaya, saƙon dillali yana jiransa: "Sun janye. Ka kyauta wa kanka."

A zagaye na uku baƙi da masu gida suka cakuɗe, ana cin nama da empanada, burodin nan mai nama a ciki, ana waƙa da murya marar daɗi. Lisandro ya zauna a ƙarshen benci, bai taɓa farantinsa ba. Sai ya ga inuwa a kansa.

"Kana sa ƙafar hagu gaba da yawa," in ji Don Eusebio.

"Na ji, Don Eusebio."

"An ce ba ka da aiki."

"Babu."

"Ba ka da hankali kuma."

"Shi ma babu."

Tsohon ya zuba ruwan zafi a ƙoƙon shayin, ya miƙa masa. Lisandro ya karɓa da hannu biyu, ya zuƙa har ƙoƙon ya yi ƙara. Amparo ta rufe fuska da rigar aikinta.

"Gobe ka zo cin abincin rana," in ji tsohon. "Ka zo da uwarka idan za ta iya tafiyar."

A watan Disamba aka ɗaura auren a cocin unguwa, aka yi walima a tsakiyar fili, ƙarƙashin sandunan raga. Har ranar shugabannin kulob suna zaman taro, ba su ce an rufe ba, ba su ce an buɗe ba. Lisandro yana lodin kwandunan lemo da safe, a gonar su Fermín, wanda ya ce bai taɓa ganin jaki mai ƙarfinsa ba. Da yamma yana atisaye, ko da za a kira.

Don Eusebio ya ɗora hannu a kansu su biyu. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu faɗin kafaɗa."

"Da kunnen uwarsu, Baba," in ji Amparo.

Duk fili ya amsa da amin.