Man Zaitun na Tsohuwa Baiwa

Cin amana mugun abu ne ko'ina, amma babu kamar wanda ɗa ya yi wa uwarsa.

Da hantsi Hanifa ta shigo komisariyar 'yan sandan Matamaye rungume da kwalba. Jiya ta sauka daga Aljeriya, inda take wanke-wanke, ta tarar an binne uwarta Baiwa a Kurni. Insifekta Mailafiya ya ba ta kujera.

Ta ce tun da lokotoron asibiti ya ce ƙashin tsohuwa ya yi taushi, ita ke aiko man zaitun ta hannun wanta Lawwali, don ta ji an ce ɗacin nan nasa mai kartar maƙogwaro yana taimakon ƙashi. Kwanan nan tsohuwa ta kama gudawa, jiri ya kayar da ita, ƙugu ya karye, ba ta tashi ba.

"Ranka ya daɗe, wannan ba man da na aiko ba ne."

Mailafiya ya shinshina. Ƙamshin gyaɗa. Ya ɗiga a harshe, ya tofar. Ya san ɗacin tun yana yaro: bini-da-zugu ne, wanda ake shinge da shi.

Da aka kira Lawwali, ya rantse yadda kwalba ta zo haka yake miƙawa. Amma Jamila mai ƙuli-ƙuli ta ce duk wata yana sayen mai wurinta, shi da ba ya girki. A kasuwa kuma aka sami man Aljeriyan a teburin wani mai suna Shekara, wanda bai ɓoye cewa Lawwali ke kawo masa ba.

Insifekta ya ajiye kwalbar gaban Lawwali, da cokali.

"Sha."

Ya kau da kai. Can ya ce sayarwa yake, ya cika kwalba da man gyaɗa. Ran nan Hanifa ta tambayi tsohuwa a waya ko man yana kartar maƙogwaro, ta ce a'a, lami ne. Tsoro ya sa ya matse 'ya'yan bini-da-zugu a ciki.

"Inna tana sha tana yamutsa fuska, tana sa wa Hanifa albarka," in ji shi.

Mailafiya ya ce a sa wa Lawwali ankwa.

Lawwali ya rasa uwa, ya rasa ƙanwa, gonarsa ta kwana ba shuka, kuma a Kurni ba mai kiran sunansa.